Tsakanin "Haka Allah Ya So" da "Tashi In Taimake Ka": 'Yanci da Alhaki a Wurin Ɗan Katolika

A ƙauyenmu na kudancin Kano, Fada, wato limamin cocinmu na Katolika, ba ya zuwa kowace Lahadi. Cocinmu ƙaramin reshe ne, ginin ƙasa da rufin kwano, sai a yi mako uku ko huɗu ba a ji ƙarar babur ɗinsa ba. Sauran Lahadin katikis, wato malamin koyar da addini na cocin, shi ne ke jan sujada, ya yi karatu, ya yi ɗan wa'azi, a yi addu'a a tashi. Amma tashin ba tafiya gida ba ne. Akwai wata darbejiya a bakin cocin, kuma duk maganar da ta gagari cikin gida nan ake kawo ta.

Farkon daminar bara aka kawo wata. Matan Zumunta sun yi wata da watanni suna zubi don su sayi taki a dunƙule su raba da kwano, tunda sayen tiya-tiya a kasuwa yana cinye su. Suka damƙa kuɗin a hannun ɗan ɗaya daga cikinsu, yaro mai natsuwa wanda ya gama sakandare, yana da waya, yana da asusun banki, wani lokaci ma shi ke yin karatu a coci. Kasuwa ta ci, babu taki. Ta sake ci, babu taki, ga gero ya fara rawaya. Da aka ƙure shi sai ya faɗi gaskiya: cacar ƙwallo ta waya ya zuba kuɗin, da niyyar ya ninka su ya mayar kafin kowa ya farga.

Ina wurin ranar da aka zauna. Uwarsa ta rufe fuska da gyale, shi kuma ya durƙusa yana tonon ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Baba, ƙaddara ce ta faɗa mini. Haka Allah ya so."

Katikis ya yi shiru har aka fara tsammanin ba zai amsa ba. Sannan ya ce, "Na ji, ɗana. To faɗa mini, da wane yatsa ƙaddarar ta danna wayar?"

Wata tsohuwa ta ce, "Malam, a bi shi a hankali, aikin Shaiɗan ne."

Ya ce, "Inna, Shaiɗan talla yake yi. Mai saye ne ke zura hannu a aljihu."

Sai wani dattijo ya ga dama ta samu, ya miƙe ya ce irin wannan yaro a hana shi shiga coci, da ya so zama na kirki da ya zama, mutum shi ke gyara kansa, Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka. Na zaci katikis zai gyaɗa kai, tunda maganar kamar tana bayan tasa. Sai ya juya ya ce, "Yaya, in gyaran kai a hannunmu kaɗai yake, me ya kawo mu nan kowace Lahadi?"

Na daɗe ina juya wannan zama a raina, saboda a cikin minti goma mutumin nan ya ƙi maganganu biyu da kowane Bahaushe ke faɗa kullum, Kirista ne ko Musulmi ko wanda ke kan al'adar kakanni. Ba wayonsa ba ne kawai. Abin da ya yi shi ne tsayawa daidai inda cocin Katolika ya tsaya bayan an shafe ɗaruruwan shekaru ana muhawara, kuma wurin tsayawar siriri ne ƙwarai.

Mu fara da kalmar 'yanci, domin Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin. Zamanin da ake bauta a ƙasar nan, mutane kashi biyu ne, ɗa da bawa. Ɗa ba wanda aka haifa ba ne kawai, shi ne wanda ba mallakar kowa ba, daga nan 'yanci da 'yantawa da ɗiyauci suka samo asali. Da Manzo Bulus ya rubuta wa Galatiyawa cewa daga yanzu kai ba bawa ba ne, ɗa ne, in kuwa ɗa ne to magaji ne, Bahaushe ba ya bukatar tafinta. Ya san bambancin ɗa da bawa a gandu ba a yawan aiki yake ba, sau da yawa ma ɗa ya fi shan rana. Bawa yana noma ne don ido yana kansa, ubangida na juya baya ya jingine fartanya. Ɗa yana noma don rumbun na gidansu ne. In ciyawa ta cinye gona kuwa, ɗa ake kira a tambaya. To ka ga tun daga harshenmu, 'yanci bai taɓa nufin sakaka ba. Wanda aka sake ba a tambayarsa komai, ai akuyar rani ce.

Wani zai ce ai muna kiran kanmu bayin Allah, Maryamu ma da bakinta ta ce ita baiwar Ubangiji ce. Gaskiya ne. Amma ka lura yaushe ta faɗa. Mala'ika ya zo da saƙo, ta yi tambaya, aka amsa mata, sannan ta ce bari ya zama mini kamar yadda ka faɗa. Malaman Katolika suna tsayawa sosai a kan wannan, cewa aikin da ya fi kowane girma a tarihin ceto sai da ya bi ta amincewar wata budurwa ta ƙauye.

Katikisim, wato littafin koyarwar cocin Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya ware sakin layi na 1730 zuwa 1748 ga wannan batu. Ya bayyana 'yanci a matsayin ikon da mutum ke da shi, ta hankalinsa da nufinsa, na ya yi abu ko ya bari, ya yi wannan ko wancan, yadda aikin zai zama nasa na kansa. Ayar da ya kafa hujja da ita daga littafin Sirak take, ɗaya daga cikin littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika amma babu su a wanda 'yan'uwanmu na ECWA da Baptis ke riƙewa. Sura ta 15 ta littafin kamar don yaron nan aka rubuta ta. Ta hana mutum cewa Ubangiji ne ya sa na kauce, ta ce Allah ya halicci mutum ya bar shi a hannun shawarar kansa, ya ajiye masa wuta da ruwa, ya miƙa hannu ga wanda ya ga dama.

Tambayar da ke biyo baya kowa ya san ta, yaran ajin baftisma ma suna yin ta. Tunda Allah ya san yaron zai ci kuɗin tun kafin a haife shi, yaya za a ce da zaɓinsa ya ci? Amsar malaman coci ita ce sani daban, tilastawa daban. Wanda ya hau Dutsen Dala yana hango mai keke ya nufi rami a wani lungu, ya san zai faɗa, amma ba shi ya tura shi ba. Misalin yana ɗingishi, na yarda, domin mai hawa Dala ba shi ya halicci mai keken ba. Abin da ake so a fahimta shi ne Allah ba ya cikin jiya da gobe irin namu, duk lokaci a buɗe yake a gabansa lokaci ɗaya, kuma abin da ya gani shi ne yaro yana danna waya da yardar kansa. Don haka ɗan Katolika yana iya cewa "in Allah ya so" da zuciya ɗaya, yana iya cewa "haka Allah ya so" ranar da fari ya ƙone gona ko aka yi rashi. Inda bakinsa ya kamata ya yi nauyi shi ne ranar da hannunsa ne ya yi ɓarnar. Taron bishop-bishop na Tirento a ƙasar Italiya ya faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba a 1547: ya la'anci maganar mai cewa cin amanar da Yahuza ya yi aikin Allah ne kamar yadda kiran Bulus yake aikin Allah. Katikisim kuma ya ce Allah bai ƙaddara wa kowa shiga wuta ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu sun sha wannan muhawara tun ƙarnonin farko, tsakanin Jabariyya masu cewa mutum ba shi da zaɓi da Ƙadariyya masu cewa shi ke samar da aikinsa, kuma mafi rinjayen malamai ba su bi ko ɗaya ba. Nasu fashin baƙin na bar musu. Na kawo ne don a san ba mu kaɗai wannan ƙaya ta soka ba.

Yanzu ga maganar dattijon, wadda ta fi wuyar ganewa saboda tana da daɗin ji. Tashi in taimake ka. Wa zai ƙi wannan? Magana ce da ke korar lalaci, ni ma ina faɗa wa ƙannena. Amma in aka ɗauke ta daga gona aka kai ta kan dangantakar mutum da Allah, akwai ƙugiya a cikinta, kuma wanda ya fara gano ƙugiyar ɗan Afirka ne.

An haifi Agustin a 354 a wani gari da ke cikin Aljeriya ta yau, ya rasu a 430 yana bishop ɗin Hippo, inda birnin Annaba yake yanzu. Mu a nan sunansa ba baƙo ba ne, domin bishop ɗin Kano, John Namaza Niyiring, wanda aka naɗa a 2008, ɗan ƙungiyar Agustin ne, haka ma wanda ya gada, Patrick Sheehan, bishop na farko da aka yi lokacin da Kano ta zama cikakkiyar dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) a 1999, dayosis ɗin da ta haɗa jihohin Kano da Jigawa. Agustin ya san kansa ciki da bai. Ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe wa wani 'ya'yan itace da dare, ba don yunwa ba, yawancinsu ma aladu suka zuba wa, daɗin ɓarnar kawai suke ji. Duk wanda ya taɓa haura lambun mangwaro yana yaro ya san abin da yake nufi. Ya kuma ba da labarin yadda ya yi shekaru yana son barin neman mata yana kasawa, har yana roƙon Allah ya ba shi kamun kai amma ba yanzu ba. Daga wannan ɗanɗano ne ya yi wata addu'a da ta tayar da ƙura: ya roƙi Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya so.

Wani malami ɗan Birtaniya mai suna Pelagiyus, mutum mai tsantseni da ke zaune a Rum, ya ji wannan bai ji daɗi ba. A ganinsa wannan mafaka ce ta ragwaye. In Allah ya ce a yi abu, to mutum zai iya, ya ɗaure ɗamara kawai. Kusan kalma da kalma abin da dattijonmu ya faɗa ke nan a gindin darbejiya. Taron bishop-bishop a Kartaj ya ƙi koyarwarsa a 418. Sai wasu suka zo da sassauci, suka ce to mun yarda ana bukatar alherin Allah, amma mutum ne ke ɗaga ƙafar farko, Allah ya tarye shi. Wato dai tashi in taimake ka. Wannan ma taron Oranj a kudancin Faransa ya ƙi shi a 529. Matsayin da aka tsaya a kai shi ne, tashin kansa ma da taimakon Allah ne. Marmarin tuba da ya ɗarsu a zuciyarka, kunyar da ta hana ka barci, duk alheri ne ya riga ka isowa.

To in haka ne, ba mun koma gidan jiya ba? In Allah ne ke ɗaga mutum, ina nasa aikin? A nan ne aka rabu da Martin Luta, jagoran Furotesta, wanda a 1525 ya rubuta cewa nufin mutum a ɗaure yake a kan abin da ya shafi ceto. Tirento ya amsa cewa zunubin Adamu ya raunana 'yancin mutum amma bai kashe shi ba, kuma wanda alheri ya taɓa ba gawa ba ne a hannun mai wanka: yana iya amsawa, yana iya ƙi. Agustin ya taɓa faɗa a wani wa'azi cewa wanda ya halicce ka ba da saninka ba, ba zai baratar da kai ba sai da yardarka. Ba rabon gado ake yi ba, a ce Allah kashi saba'in mutum kashi talatin. Ka dubi uwa da ke koya wa yaro tafiya: ita ta ɗaga shi, yatsunta yake riƙe da su, ita ke tare shi in ya yi tangaɗi, amma takun nasa ne, kuma in ya ga dama ya zauna daɓas ya ƙi motsi.

Yadda alherin Allah da 'yancin mutum ke haɗuwa dalla-dalla kuwa, cocin bai taɓa yanke hukunci ba. Malaman ƙungiyar Dominik da na ƙungiyar Jezuwit sun yi shekaru suna fafatawa a kai a gaban Paparoma, har a 1607 Paparoma Bulus na Biyar ya sallami kowa, ya hana kowane ɓangare kiran ɗayan ɗan bidi'a. Ni wannan yana burge ni fiye da in da an ƙago amsa. An kafa turaku biyu, an ce kada a wuce nan kada a wuce can, tsakiyar kuma an bar ta.

Inda wannan koyarwa ta fi taɓa rayuwar yau da kullum shi ne wurin awon alhaki. Mutane da yawa, har cikinmu, suna zaton zunubi kamar farashin mai ne, a rubuce yake a allo, kowa ya sha ya biya daidai. Ba haka ba ne. Kafin a ce mutum ya yi zunubi mai kisa, irin wanda ke raba shi da Allah, sai abu uku sun haɗu: abin ya zama babba, mutum ya san babba ne, ya kuma yi shi da cikakkiyar yardarsa. In ɗaya ya faɗi, nauyin ya ragu. Sakin layi na 1735 na Katikisim ya jera abubuwan da ke rage alhaki ko ma su ɗauke shi: rashin sani, rashin lura, tilas, tsoro, sabo, son abu fiye da kima, da larurorin ƙwaƙwalwa ko na zaman jama'a. Shi ya sa ba a kai yaro ikirari, wato furta zunubi gaban Fada, sai ya kai kimanin shekara 7, shi ya sa matar da ta kwana jinyar ɗa ba a ce ta yi laifin rashin zuwa coci ba.

Sabo shi ne mai rikitarwa. Muna cewa sabo turken wawa, kuma duk wanda ya ga mashayi yana rantsuwa da safe yana komawa gidan burkutu da yamma ya san turken na gaske ne. Yaron nan, daga baya aka gane, ya fi shekara yana cacar da 'yan canjinsa. Ranar da ya taɓa kuɗin mata, mai yiwuwa igiyar ta riga ta shaƙe shi har ba shi da ƙarfin da yake da shi a farko. Wannan yana rage masa, kuma dattijon da ya ce "da ya so da bai yi ba" bai san yadda igiya take ba. Amma wa ya kafa turken? Naira ɗarin farko da ya zuba, babu wanda ya riƙe masa hannu. Ranar da aka miƙa masa amanar kuma ya san halinsa, yana iya cewa Inna a ba wani. Haka rashin sani ma iri biyu ne. Akwai na wanda bai sami mai gaya masa ba, akwai na wanda ya toshe kunne don kada ya ji abin da zai hana shi. Na biyun ba ya wanke kowa. Katikisim yana da wata magana da na daɗe ban gane ba sai da na ga wannan yaro: gwargwadon yadda mutum ke aikata nagarta, gwargwadon yadda 'yancinsa ke ƙaruwa. Ya fara cacar ne don ya ga dama, ya wayi gari ko ya ga damar bari ba ya iyawa.

Ba mai aikatawa kaɗai ke ɗaukar alhaki ba. Wanda ya ba da umarni, wanda ya zuga, wanda ya yaba, wanda ya yi shiru alhali hakkinsa ne ya yi magana, da wanda ya ba mai laifi mafaka, duk suna da kaso. Ɓarawon zaune dai. Abokan yaron biyu sun san inda kuɗin ke tafiya tun makon farko.

Tilas kuwa, a nan cocin ya fi tsanani, kuma a nan mu mutanen karkara muka fi jin kunya in za mu faɗi gaskiya. A dokokin coci na 1983, amincewar ango da amarya ita ke ƙulla aure, babu wani iko na ɗan adam da zai maye gurbinta, kuma doka ta 1103 ta ce auren da aka shiga saboda tilas ko matsanancin tsoro ba aure ba ne. Ba wai aure ne mai rauni ba, babu shi ne tun farko. Shi ya sa Fada ke keɓe yarinya ya tambaye ta ita kaɗai kafin ranar biki. Amma nawa ne suka amsa "na yarda" alhali uba ya riga ya ci kuɗin, ya kuma rantse zai sallami uwarta in ta ba shi kunya? Ana cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Ta samu ɗakin, amma a gaban Allah alhakin ya tashi daga kan yarinyar ya koma kan wanda ya tilasta ta, ko da shi ne ke zama a bencin gaba.

Haka abin yake a kan addini kansa. Ranar 7 ga Disamba 1965, babban taron Batikan na Biyu ya fitar da sanarwa cewa ba a tilasta wa kowa a kan addini, ba a kuma hana shi bin lamirinsa, doka ta 748 ta dokokin coci kuma ta haramta tursasa wa mutum shiga Katolika. Ba zan ɓoye ba, tarihin cocin bai tsira daga wannan laifi ba, an yi zamanin da aka yi amfani da ƙarfi da sunan kare gaskiya, har Paparoma John Paul na Biyu ya nemi gafara a bainar jama'a a watan Maris na 2000. Mu Hausawa Kirista na ƙauyukan Rogo da Sumaila da Tudun Wada, da muke 'yan tsiraru a tsakiyar dangi, muna saurin tuna wannan koyarwa in an matsa wa namu. Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. In ɗanka ya girma ya ce zai bi wata hanya, kana da ikon yin nasiha da addu'a da kuka, ba ka da ikon ƙwace masa gayauna.

Sai lamiri, wato muryar nan ta cikin zuciya da ke cewa yi wannan, bar wancan. Koyarwar Katolika ta ce dole mutum ya bi tabbataccen hukuncin lamirinsa, in ya saɓa masa da gangan ya hukunta kansa. Masu son sauƙi sukan tsaya a nan su ce to zuciyata ba ta zarge ni ba. Amma lamiri kamar ma'aunin 'yan hatsi ne, ana iya bubbuga gindin kwano har ya daina cika mudu, mai shi kuma ya saba har ya manta ya bubbuga. Don haka wajibi na biyu yana manne da na farko: ka gyara ma'auninka da Maganar Allah, da koyarwar coci, da shawarar masu hankali. Akwai kuma kishiyar wannan cuta, wadda ta fi yawa a wurinmu, ta mutumin da ya ɗauki lamirinsa ya ba Fada ajiya. Komai sai "Fada ya ce". Fada na zuwa sau ɗaya a wata. Ranar da ɗan siyasa ya zo da atamfa da taliya, ko ranar da za ka zuba wa buhun gero ƙasa kafin a kai kasuwa, Fada ba ya nan.

Duk wannan yana taruwa ne wuri ɗaya, a ikirari. Tun taron Lateran na 1215 aka wajabta wa kowane ɗan Katolika ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda bai saba ba yakan ga abin kamar wulaƙanci ne, babban mutum ya durƙusa gaban ɗan'uwansa ɗan adam. Ni kuwa ina ganin babu inda ake ɗaukar mutum a matsayin ɗa kamar nan. A gonar Aidan, da aka tambayi Adamu sai ya nuna Hawwa'u, har ya haɗa da Allah da ya ba shi ita, ita kuma ta nuna maciji. A wurin ikirari ba a karɓar wannan. Ba ka zo ka faɗi laifin matarka ko na gwamnati ba. A farkon Misa ma, wato babbar sujadarmu, mukan bugi ƙirji sau uku muna cewa laifina ne, ba mu bugi ƙirjin na kusa da mu ba. Amma wanda ya durƙusa ɗin ya kuma amsa cewa ba zai iya wanke kansa ba, in ba haka ba da bai zo ba. Maganar yaron da maganar dattijon duk a bakin ƙofa ake tuɓe su kamar takalmi. Bitrus da Yahuza duk sun ci amanar Yesu a dare ɗaya, duk sun gane sun yi laifi. Yahuza ma har kuɗin ya mayar. Abin da ya kasa shi ne yarda cewa akwai sauran hannun da zai ɗaga shi.

Fada ba ya iya faɗin abin da ya ji, ko da za a yanka shi, wanda ya tona kuwa ya fitar da kansa daga tarayyar coci nan take. Amma gafarar ba ta share bashi. Wanda ya yi sata sai ya mayar, wanda ya ɓata sunan wani sai ya gyara, kuma sai da niyyar bari ta gaskiya, ba tuban muzuru ba.

Mako uku bayan zaman darbejiya Fada ya zo. Ya sa benci a bayan coci inda inuwa take, mutane suka yi layi nesa kaɗan, yaron yana can ƙarshe, sau biyu yana barin na bayansa su wuce. Ya daɗe a durƙushe. Abin da aka faɗa a can tsakaninsu ne. Abin da muka gani shi ne ya sayar da wayar ya sayi 'yar ƙarama mai tocila, kuɗin da ya ragu aka sayi buhu ɗaya aka raba wa waɗanda gonarsu ta fi jin jiki. Katikis ya tsara masa ranakun da zai yi wa matan noma da maimai a gayaunarsu, ana ƙirga kowace rana a kuɗin ƙwadago ana cirewa daga bashin, yana rubutawa a bayan littafin baikon coci. Takin ya zo a makare, geron wasu bai yi ba. Akwai mace ɗaya da har yau in ya gaishe ta ba ta amsawa, da aka ce katikis ya sa baki sai ya ce zai yi mata magana, amma yafiya ba a karɓar ta da ƙarfi. Dattijon nan ya daina zama kusa da uban yaron.

Da aka gama girbi ya tafi cin rani Dawanau yana dakon buhuna. Duk ƙarshen wata yana aiko da abin da ya samu ta hannun wani direba, ba ta waya ba, shi da kansa ya roƙi a yi haka. Da na je gida lokacin Ista na tambayi katikis, ya buɗe littafin ya nuna mini. Saura mata uku.